Kowa Yana Son Doka, Amma A Gonar Wani

(Ga jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu ya yi a taron bayan kaka, a ƙofar mai gari. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, don ƴan uwanmu da ke cin rani a Yamai, Kano, Legas da Agadas su samu su karanta.)



Mai gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, ina yi muku barka da kaka.

Shugaba ya ce in yi magana, don na girmi yawancinku. Ban fi kowa hankali ba, sai dai na riga ku ganin waɗansu abubuwa. Ku yi mini haƙuri in faɗe su, in na yi kuskure a gyara mini.

Magana uku ke gabanmu, kuma su ne za mu ɗaga wa hannu ran juma'a mai zuwa. Ta fari, samari sun kawo shawara a hana kowa saida hatsi ga ƴan kasuwa na waje sai bazara ta yi, kuma ƙungiya ta yanke kuɗɗin tiya. Ta biyu, ƴan ƙwadago sun ce a yanke musu kuɗɗin yini, kuma a daina kai yara ƙanana gonar kuɗɗi. Ta uku, dattawa da malamai sun ce a rage kayan aure, a hana kiɗan dare, a hana ƴan mata talla bayan magariba.

Sati uku ke nan maganar nan tana cin gari. Na ga mutane biyu da sunka tashi tsakar gida guda sun wuce juna bakin rijiya ba sallama. Na ji waɗansu sun ce in anka ƙi tasu, za su janye kuɗɗinsu daga asusu. In asusun ya watse, rumbun ƙungiya ya watse, kuma bazara ba ta tambayar ra'ayin kowa in ta zo.

Ga abin da na lura da shi. Na zauna na ƙirga masu magana, sai na ga wani abin mamaki. Alhazanmu da ke cewa a bar kasuwa ta yi halinta, kada a sa wa ciniki hannu, su ne kan gaba wajen cewa a kafa doka mai tsanani a kan kiɗa da talla. Samarinmu da ke cewa a ɗaure kasuwa da igiya, su ne ke cewa wasan dare ba ruwan kowa da shi. Mai gona babba yana son a yanke kuɗɗin taki, ba ya son a yanke na ƙwadago. Kowa yana son doka, amma a gonar wani. Ni ma da nike magana ina da ɗiya biyu da sunka isa aure, don haka kun san wadda na fi so cikin ukun. Mu fara da yarda da wannan, sai maganar ta yi sauƙi.

Gardamar nan kuwa ba a garinmu ta fara ba. Ita ce ƙasarmu take yi tun kafin a haifi yawancinku.

Mu fara da hatsi.

Zamanin Nasara akwai rumbun tsimi na tilas. Kowane mai gida sai ya zuba rabonsa, a rufe, ba a buɗewa sai da iznin kumandan. Dabarar ba ta da laifi, ajiya maganin wata rana ce. Amma iyayenmu sun ƙi jininsa, don ba a shawarce su ba, kuma mabuɗi ba ya hannunsu.

Bayan mun samu mulkin kai a 1960, gomnatin Diori Hamani ta ce ita za ta riƙe ciniki don kada a cuci talaka. A 1962 anka kafa SONARA don gujiya, da UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma. A 1970 anka kafa OPVN don hatsi. Gomnati ke yanke farashi, ita ke faɗin ranar buɗe kasuwa. Akwai amfani ciki: manomi ya san abin da zai samu tun kafin ya kai kayansa sikeli. Amma duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san sauran labarin. Shekarar da farashin Najeriya ya fi namu, jakuna da raƙuma ke bin dare su ƙetare iyaka wajen Jibiya. Shekarar da namu ya fi, gujiyarsu ke kwararowa nan. Jandarma da ƴan duwan ba su taɓa iya tsare iyakar nan duka ba. Ina yaro na raka babana wata kasuwar gujiya, na ga mai awo yana danna sikeli da ƙafa. Babana ya gani, ya yi shiru, don ba wani mai saye sai shi. Ku riƙe wannan: inda mai saye ɗaya ne, ko gomnati ce ko alhaji ne, manomi ba shi da baki.

Fari ya zo a 1973 da 1974. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja sunka karɓi mulki, kuma cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar har da yadda anka yi da abincin taimako. Zamaninsa anka matsa wa ƴan kasuwar hatsi ƙwarai, anka riƙa bi ta hannun sarakuna ana tara wa OPVN hatsi a farashin gomnati. Mutanen birni da ma'aikata sun ji daɗi. Manomi kuwa ya koyi ɓoye damma.

Daga tsakiyar shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa yawa, masu ba da bashi na waje sunka ce a saki kasuwa. Anka sake ta. SONARA ta mutu, OPVN ta koma tsaron hatsin ajiya. Waɗansu sunka ce yanzu talaka ya huta. To, 2005 ta zo. Waɗanda sunka ga shekarar nan a jihar Maradi da ta Damagaram ba su manta ba. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, amma kuɗɗinsa ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. Mata sunka cika gidajen ciyar da yara. A shekarar ce kuma anka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, jama'a ta rufe kasuwanni da shaguna a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa cikin watan Maris, har gomnati ta janye shi a kan yawancin kayan cikin Afrilu.

A watan Oktoba na 2024 kuma gomnati ta hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Mai saye ya yi murna, mai wake da ya saba kai wa Najeriya ya yi tagumi. Kun ga mun ɗaure, mun saki, mun kuma ɗaure. Wanda duk ya ce muku ɗaya daga cikin biyun ita kaɗai ce magani, bai daɗe a duniya ba.

Yanzu mu dawo gida. Me ke sa mutum ya saida hatsinsa da kaka, sa'ad da ya fi araha, ya koma ya saye shi da bazara, sa'ad da ya fi tsada? Ba wauta ba ce. Lampo ne, da bashin da ya ci da damana, da suna, da magani, da kayan lakkwal na yara. In munka ce masa kada ya saida, ba mu ba shi abin biyan waɗannan ba, me zai yi? Zai saida da dare, a farashin da ya fi na rana muni, don mai saye ya san a ɓoye ya zo. Ko kuwa ya koma ga a-ci-ba-daɗi, ya ci tiya guda da damana ya biya biyu ko fiye da kaka. Samari, niyyarku mai kyau ce, amma dokarku za ta faɗa kan wanda kuke so ku taimaka. Alhazai kuma, kada ku yi dariya. Wanda ya cika mangaza ya rufe, yana jiran yaran maƙwabcinsa su fara kuka kafin ya buɗe, liman ya sha gaya mana matsayinsa a addini.

Sai maganar ƙwadago.

Masu gonaki sun ce tsakanin mai gona da ɗan ƙwadago yarda ce, ba ruwan ƙungiya. Ina so in tuna musu cewa kakanninmu sun yi aikin tilas, sun fasa dutse, sun ɗauki kaya a ka, ba ko dala. Ba alherin masu sa su aikin ne ya raba su da shi ba, doka ce, ta 1946, wadda ake kira da sunan Hufuwet Bwanyi na Kodibuwa. A 1952 anka yi dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulki, wadda ta kawo awa 40 a sati, kuma sai da ƴan sandika sunka yi yajin aiki kafin a yi aiki da ita sosai. Jibo Bakari, wanda ya ja Sawaba, cikin aikin sandika ya yi suna. A 2003 ƙasarmu ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya, matar da anka saida tana yarinya. Ashe akwai abin da ba a bar wa yarda ba. Yardar mai jin yunwa ba cikakkar yarda ba ce.

Dokar aiki ta 2012 ta ce kada a ɗauki yaro aiki in bai kai shekara 14 ba. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda yake jika 30 da ƴan kai tun 2012, an mai da shi jika 42 a wata daga farkon 2024. Amma ku gaya mini, mai binciken aiki ya taɓa zuwa gonar wani a garin nan? Dokokin nan sun fi aiki inda akwai takarda da albashi. Mu nan, in ba mu tsara wa kanmu ba, ba mai tsara mana.

To amma ƴan ƙwadago, ku ma ku saurara. Ɗan ƙwadago a garinmu ba baƙo ba ne. Manomi ne wanda rumbunsa ya ƙare, ya bar gonarsa cikin haki ya tafi noman ta wani don ya samo tiyar dare. Mai ɗaukarsa kuma sau da yawa ba attajiri ba ne. Wata gwauruwa ce da ɗanta ya aiko mata da kuɗɗi daga Libiya, ko tsoho irina da ƙarfi ya ƙare. In munka yanke kuɗɗin yini ya yi sama ƙwarai, mai hali zai ɗauko mutane daga wani gari ko ya yi hayar shanun huɗa, marar hali kuma gonarsa ta kwana. Kukan da na fi ji daga bakinku ma ba na yawan kuɗɗin ba ne. Na jinkiri ne: a yi aiki yau, a ce sai ran kasuwa, ran kasuwa a ce sai kaka. Wannan kam zalunci ne, kuma muna iya hana shi.

Game da yara, mu rarrabe. Yaron da ya bi babansa gandu yana koyon riƙon hauya, wannan tarbiyya ce, haka munka tashi. Yaron da anka fitar daga lakkwal ko makarantar allo anka tura gonar wani tun safe har la'asar don a karɓi kuɗɗinsa, wannan cin amana ne.

Sai ta uku, wadda ta fi zafi.

Zamanin Kunce gomnati ta yanke iyakar kuɗɗin aure. Na halarci ɗaurin aure da yawa a lokacin. A gaban shaidu sai a faɗi abin da doka ta ce, sauran kuwa ya bi ta ƙofar baya da wani suna: gaisuwar iyaye, kuɗɗin goro, kayan akwati. Mai kuɗɗi ya ci gaba da abinsa, talaka ya ci gaba da jin kunya. Me ya sa? Don mata ke riƙe da biki, su ke sanin wadda ta kawo wa wata kwano shekara goma da ta wuce, kuma ba wanda ya tambaye su. Abin da mu maza muke kira ɓarna, wani sashinsa bashi ne da ake biya, kuma kayan ɗaki su ne dukiyar da yarinya ke iya cewa tata ce in zama ya ƙi.

A 2000, bayan jihar Zamfara ta fara aiki da shari'a, abubuwa da yawa da anka kora can sun ƙetaro garuruwanmu na bakin iyaka. A watan Nuwamba na shekarar, saboda bikin nunin tufafi na FIMA da anka shirya a Yamai, tarzoma ta tashi a Yamai da Maradi. A Maradi an ƙona mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, an taɓa wuraren ibadar Kirista, an kama mutane, gomnati ta rushe waɗansu ƙungiyoyin addini. Masu fushin suna da abin da ya dame su, amma wuta ba ta shiryar da kowa ba, kuma waɗanda sunka fi shan wuya su ne marasa gata. Ta ɗaya gefen kuma, an kawo daftarin dokar iyali a 1994, an sake kawo wani a 2011, duka biyu anka janye su don ƙungiyoyin addini sun ƙi, jama'a da yawa kuma sun ɗauke su kamar kayan aro. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a kan haƙƙin mata. Darasin guda ne ta kowane gefe: abin da ya shafi cikin gida, sanda ba ta dasa shi, takardar da anka rubuto daga nesa ma ba ta dasa shi.

Dattawa suna da gaskiya a kan talla. Duk mun san abin da ke iya samun yarinya a tasha da dare, kuma mun san gidajen da sunka yi kuka. Amma wa ke aika ta? Uwarta ce, wadda ke cikin gida ba ta fita, kuma da ribar ƙosai da ƙuli-ƙulin nan take sayen gishiri, take tara kwanonin auren yarinyar. Kun ga maganar talla da maganar kayan aure igiya guda ce. In kayan sun ragu, tallar za ta ragu. In munka hana talla munka bar kayan yadda suke, mun ɗaure uwa hannu da ƙafa.

Saboda haka, kafin ku ɗaga hannu a kan kowace doka, ina roƙonku ku auna ta da mudu uku.

Na ɗaya: wanda dokar za ta hau kansa, yana wurin sa'ad da anka yanke ta? Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Na biyu: wa zai tsare ta, kuma zai iya tsare ta a kan ɗan mai gari kamar yadda zai tsare ta a kan ɗan gwauruwa? Dokar da ke kama kaza ta bar kura gara babu ita, don tana koya wa yara raina doka.

Na uku: in mun rufe wa mutum ƙofa, mun buɗe masa wata? Yunwa ba ta jin tara.

Ga shawarata, ku ɗauka ko ku gyara.

A kan hatsi, kada mu hana kowa saida abinsa, kada kuma mu yanke farashin da ba mu iya tsarewa. Mu sa kuɗɗin asusu mu sayi hatsi yanzu a farashin kasuwa, mu zama masu saye na biyu a garin nan. Wanda ke bukatar kuɗɗi ya kawo buhunsa jingina a rumbun ƙungiya, a ba shi rance, in bazara ta yi ya biya ya ɗauki abinsa. Ana yin haka a garuruwa da yawa na ƙasar nan. Rumbu ya zama da kwaɗo uku: mabuɗi ɗaya wajen dattawa, ɗaya wajen mata, ɗaya wajen samari. A karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Tiyar awo kuma ta zama guda, mai alamar ƙungiya, da ita za a saya, da ita za a saida.

A kan ƙwadago, kafin shuka masu gonaki uku da ƴan ƙwadago uku su zauna gaban liman su shirya a kan mafi ƙanƙantar kuɗɗin yini na shekarar, da abincin rana. A biya mutum ranar da ya yi aiki, kafin ya kwanta. Wanda ya riƙe haƙƙin wani, ba shi da rance a asusu sai ya biya. Yaron da bai kai 14 ba kada a ɗauke shi ƙwadago. Mu kuma tada gayya don gonakin tsofaffi da gwagware, yadda iyayenmu ke yi.

A kan biki da talla, kada mu maza mu yanke komi ran juma'a. Mu ba iyayenmu mata wata guda, su zauna cikin ƙungiyoyinsu na asusu, irin na Mata Masu Dubara da anka fara a jihar nan ta Maradi tun 1991, su kawo mana iyakar da su da kansu za su iya tsarewa. Abin da sunka kawo, gidan mai gari da gidajen alhazai su fara aiki da shi. Ni ma na yi alkawari gabanku, auren ɗiyata ta fari a kansa za a yi. Kiɗa kuma samari su faɗi lokacin tashi da bakinsu, su sa sarkin samari ya tsare shi. Ƴan mata su yi tallarsu da rana cikin gari, ban da tasha, ban da lokacin karatu. Gomnati ma tun 2017 ta yi doka a bar yarinya a makaranta har shekara 16.

Abu na ƙarshe: duk abin da munka yanke, na shekara guda ne. Kaka mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu dawo nan mu duba. Wanda ya yi amfani mu riƙe, wanda bai yi ba mu yar ba tare da jin kunya ba. Ta haka wanda anka rinjaya ran juma'a ba zai ce an kore shi ba, zai san yana da wata rana.

Ƴan uwa, gomnatoci nawa munka gani tun 1960? Kowace ta zo da dokokinta, waɗansu sun zauna, waɗansu sun bi iska. Mu kuwa muna nan, rijiya guda, maƙabarta guda. Wanda ka ƙi gaisarwa yau saboda kuɗɗin tiya, shi zai ɗauki makararka. Ku yi gardama, gardama ba laifi ba ce, amma kowa ya bar kuɗɗinsa cikin asusu.

Ƴan cin rani, ku aiko da ra'ayinku ta hannun magatakarda kafin juma'a, za a karanta shi a taro.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a abin da munka girbe, ya kai mu damana da rai da lafiya.  Jama'a, ku yafe mini tsawon magana.